Hannun Gwaggo a Jarida

Daga Allah muka fito, gare shi za mu koma, Gwaggo dai ta riga mu. Ranar Talata da hantsi ta cika, a ɗakinta na ƙuryar gidanmu, a ƙauyenmu da ke gefen Tamawa ta ƙasar Kurfi. Ni ina Dutsin-Ma a gaban aji saƙo ya same ni, kafin in sami motar da za ta kawo ni har an kai ta an dawo. Abin da na tarar tabarmi ne cike da mata, da ƙanshin man gyaɗa da bai bar ɗakin ba tukuna.

Kwana bakwai na yi ina karɓar gaisuwa, ina jin abin da kowa ya riƙe game da ita. Wata ta ce baiwar Allah ce mai haƙuri. Wata ta ce man gyaɗarta ba a taɓa samun gauraye a cikinsa ba. Matar liman ta ce ba ta taɓa jin muryarta ta haye katanga ba. Duk gaskiya suka faɗa, amma ni ina zaune raina yana ƙuna, don wannan matar da suke yabo za ta iya zama kowace tsohuwa a ƙasar Kurfi. Sai rana ta uku wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta share hawaye ta ce, "Ni abu guda ya haɗa ni da marigayiya, ba ta rakuwa. Ki ce bari in taka maki, kan ki sa takalmi ta kai gindin tsamiya."

Aka yi 'yar dariya irin ta gidan makoki. Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana, kowa ya san halina, sai na ce, "Ai 'yar tsere ce. Ta taɓa zuwa ta ɗaya a cikin 'yan matan makaranta, har aka ba ta kyauta a gaban manya."

Matar liman ta gyara mayafi, ta sassauta murya kamar mai lallashin mara lafiya, ta ce, "Kayya, Malama. Wanda ya tahi, alherinshi ake hwaɗi. Ki ruhe mata wanga, ƙuruciya ce, Allah ya yahe mata." Sauran suka amsa da amin, aka koma zancen tsadar gero.

Na tashi na fita tsakar gida don kada in yi abin da za a daɗe ana ba da labari. A gindin randa na ga langarta, wata tsohuwar langa fara mai bakin shuɗi, fentinta duk ya ɓamɓare, an zuba ruwa kaji suna sha. Na kore su, na zubar da ruwan, na goge ta da gefen zanena. Ba wanda ya tambaye ni dalili. A nan tsaye na gane cewa a duk faɗin garin nan ni kaɗai na rage da na san daga ina langar ta fito, kuma in na yi shiru shi ke nan. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Gwaggo yayar babana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu ina goye, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta dawo gidan ƙanenta ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ba ta sake aure ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba, "Uwata" take ce mini tun ina rarrafe. Doguwa ce, ba jiki, kuma ba ta iya tafiya a hankali ba. Ranar kasuwar Kurfi mata kan fita a ayari, tare za su bar ƙofar gida, amma kafin a ƙetare rafi ta yi musu nisa, sai dai su hango ƙwaryarta tana lilo a can gaba. In sun yi mata magana ba ta tsayawa, ba ta ma waiwayowa, ta dai ce, "In kun iso kun same ni." Ina yarinya na sha binta da gudu ina kuka. Na ɗauka rashin son mutane ne, ban san ƙafafun ne suka fi ƙarfinta ba.

Akwai wani halinta kuma da ya daɗe yana ba ni mamaki. Tsofaffin jaridu take ƙunshe ƙuli da su, wani akawu a Kurfi yake tara mata. Ba ta taɓa yaga takarda ba sai ta juya ta ta duba shafin baya, ta bi hotunan da ɗan yatsa, sannan ta yi tsaki ta yage. Mutane sun manta cewa ta iya karatun boko, ita ma ba ta tuna musu. Tun zamanin Turawa, da aka ce kowace ƙasar hakimi ta ba da 'yan mata a kai makaranta a birnin Katsina, tana cikin waɗanda aka ɗauka. Shekara huɗu ta yi, mahaifiyarsu ta kwanta ciwo, aka je aka ɗauko ta, karatu ya tsaya nan. Iyakar abin da na sani ke nan har na girma.

Ni kuma a zamanin da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare aka kwashe mu zuwa makarantar horon malamai a Dutsin-Ma. A shekararmu ta ƙarshe malamar zane ta ba mu aikin da za a duba kafin a sallame mu: kowace ɗaliba ta haɗa shafi ɗaya na jaridar bango a kan babban kwali, irin wanda za ta rataye wa yara a ajinta. Malamar nan Kirista ce daga kudancin Zariya, 'yar gajeruwa, ba ta ɗaga murya, amma in ta kalli aikinki ta yi shiru sai ki gwammace ta zage ki. Aka jefa ƙuri'a, wata ta sami shafin noma, wata na lafiya, ni na sami na wasanni. Na yi murna, don na ga aikin banza ne. Kwana biyu na yi da almakashi da ƙaro, na cika kwalina da 'yan ƙwallo da 'yan dambe da masu kokawa, na yi musu ado da jan alli, na kai.

Malama ta duba daga sama har ƙasa. Ta ce, "Su wa za ki koyar in kin fita?"

Na ce, "Yara, Malama."

"Maza zalla?"

Na sake duban kwalin.

Ta ce, "Yarinyar da za ta zauna a ƙarƙashin kwalin nan shekara guda tana kallonsa, me kika gaya mata? Ɗauki abinki. Ki nemo mini mace ɗaya tana wasa, mai kama da yaran da za ki koyar. Ɗaya kawai nake so."

Na fita ina gunaguni, a raina ina cewa kafin la'asar zan kawo mata goma. Sati uku na yi a ɗakin karatu ina juya takardu har yatsuna suka yi baƙi. A mujallun waje Turawa mata ga su nan birjik. A jaridunmu na Turanci jefi-jefi nakan ci karo da 'yan matan kudu, can ƙasan shafi, hoton bai kai tafin hannu ba. Tamu ta nan kuwa babu, in ma mace ta fito, to tana tafi ne a gefe ko tana riƙe da faranti za a ɗauki kofi a miƙa wa namiji. Da hutu ya zo na ɗauro damin jaridu na taho da shi gida, raina a ɓace.

Ina zaune a ƙofar ɗakin Gwaggo ina ta juyawa ina tsaki, ita tana matsar tunkuza a turmi. Ta ce, "Uwata, mi kike nema cikin takardun ga haka kamar kin yar da allura?"

Na gaya mata. Ba ta daina matsa ba, ta ce, "Kada ki wahal da kanki. Na hi shekara talatin ina dubawa."

Na ɗaga kai na dube ta. Ta wanke hannu da toka har sau biyu, ta shiga ɗaki, ta sauko da langar nan daga saman jerenta. A lokacin sabuwa ce fil, ba a taɓa zuba ko ruwa a cikinta ba. Ta buɗe murfin, ta fito da wani ƙyalle, ta warware shi. Wata 'yar takardar jarida ce da ta yi ja don tsufa. A hoton akwai wata Baturiya da malafa tana miƙa langa, a bayanta manya suna zaune a kujeru. Can a bakin hoton, daidai inda aka yanke shi, wani siririn hannu ya shigo yana karɓar langar, iyakarsa gwiwar hannu, da awarwaro guda ɗaya. Rubutun da ke ƙasa ya jera sunayen manyan, ya faɗi sunan yaron da ya ci tseren maza, sannan ya ce 'yan mata ma an ba su kyauta.

Ta ɗora yatsa a kan hannun, ta ce, "Ni ce nan."

Ranar ta ba ni labari, man da take soyawa har ya kusa ƙonewa. Ta ce a babban fili aka yi, ba takalmi, ta tattare zanenta ta ci ɗamara. Ta ce da aka busa usur ba ta ƙara jin komai ba sai iska a kunnuwanta, sai da zare ya taɓa ƙirjinta ta san an gama. Na tambaye ta abin da kakana ya ce da labari ya iso gida. Ta yi murmushi ta ce, "Malamin hakimi ya kawo mashi jaridar. Ya duba, ya duba, ya ce alhamdu lillahi da abin ya tsaya a hannu." Daga ranar ba a sake ta da maganar a gidan ba, babana ma yana ƙarami sosai lokacin.

Na roƙe ta ta ara mini takardar in nuna wa Malama. Ta ƙi, na nace, ni kuwa in na nace ba a samun barci. A ƙarshe ta naɗe ta cikin ƙyallen ta damƙa mini, ta riƙe hannuna ta ce, "Yadda na ba ki haka za ki maido mani." Na rantse mata. Ta haɗa mini da kwalbar man gyaɗa na tsaraba, kamar yadda take yi duk komawata makaranta.

Abin da na yi da takardar shi ne ban taɓa faɗa wa kowa ba sai bayan rasuwarta. Mu ɗalibai muna da wata dabara ta kwafar hoto, don ba mu da takarda mai shara-shara irin ta masu zanen gaske. Sai mu shafa wa farar takarda man gyaɗa, ta koma ana ganin abin da ke ƙarƙashinta, mu ɗora a kan hoto mu bi layin da fensir. Ƙa'idar ita ce a shanya takardar kwana biyu a rana, a goge ta da toka, sannan a yi aiki da ita. Ni ɗoki bai bar ni ba. Na ga ai zan ba wa hannun nan jikin da aka hana shi. Na buɗe kwalbar Gwaggo na shafa, na ɗan kaɗa takardar a iska, na ɗora ta a kan hoton na fara bin yatsun. Ina cikin yi aka kaɗa ƙararrawar abinci, na danne su da littafi don kada iska ta ɗauke, na tafi.

Da na dawo na ɗaga littafin, sai na ga ɓarna. Tsohuwar takardar ta shanye man tas. Abin da aka buga a bayanta, tallar keke ce, ya fito ta gaba ya hau kan hoton, ƙafar keken da wayoyinta suka zauna daidai kan hannun. Na kankare alli na barbaɗa ko zai tsotse man, na goga da yatsa, sai tawadar ta biyo yatsana. Malafar Baturiya tana nan, manya suna nan a kujerunsu, hannun Gwaggo ne kawai ya tafi.

Maimakon in tsaya nan, sai na ƙara wani. Na ce ai ina da zanen yatsun da na kwafa, in na haɗa mata hoto mai kyau za ta huce. Na sami wata Baturiya mai tsere a mujalla, na kwafe jikinta da gajeren wandonta da takalmanta, na liƙa mata hannun Gwaggo, na shafe ta da baƙar tawada. Na kai wa Malama ina taƙama. Ta yi irin shirun nan nata, sannan ta ce, "Mai hannun ta gani?" Na ce a'a. Ta ce to ita ba ta da abin cewa sai mai hannun ta gani.

Ƙarshen mako na zo gida da kwalin a naɗe. Na fara shimfiɗa shi a gaban Gwaggo, don in sami inda zan fake. Ta sunkuya ta duba, ta ce, "Wace ce wagga tsirara?"

Na ce, "Ke ce, Gwaggo."

"Ni? Da ɗan wando kika san ni? Waɗanga ƙahwahun na wa ne?" Ta ture kwalin gefe, ta miƙo hannu. "Ina takardata?"

Na ba ta. Ta warware ƙyallen, ta ɗaga takardar ta saitin rana, ta juya ta, ta sake juyawa. Ta daɗe a haka. Da ta zage ni da na ji sauƙi, amma ba ta ce uffan ba, ni kuma shirun ya ishe ni, sai bakin nan nawa ya yi abin da ya saba. Na ce, "Haba Gwaggo, ai hannu ne kawai, ko huska babu."

Ta dube ni, ta ce, "Shi kaɗai suka bar mani."

Ta ɗauki ƙuli guda uku daga faranti, ta ƙunshe su a cikin takardar, ta murɗe bakin kamar yadda take yi wa kowane mai saye, ta ajiye a cinyata. Ta ce takardar da ta sha mai aikinta ke nan. Sannan ta shiga ɗaki ta sauko da langar, ta cire murfin ta jefa a kwando, ta dumbuza ta cikin buhun gyaɗa ta fara awo da ita. Ina zaune ina jin ƙarar gyaɗa a cikin langar, ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Daga nan ta daina ce mini Uwata, na koma "'yar makaranta". In na gaishe ta takan amsa da "lahiya lau" ta ci gaba da aikinta. Babana ya tambaye ni me ya haɗa ni da Yaya, na ce ba komai, ya tambaye ta, ita ma ta ce ba komai. Na koma Dutsin-Ma ba kwalbar mai. Kwalina na jingine a bayan akwati, ranar zuwan masu duba aiki tana matsowa, ni ko kallonsa ba na son yi. Abokan karatuna suna ta hira a ɗakin kwana, ni ina kwance na juya musu baya.

Bayan an gama girbin dawa na sake zuwa gida, ranar wata Juma'a. Da maza suka wuce Kurfi masallaci, gari ya rage daga mata sai awaki, ina zaune a ɗakin innata sai na ga inuwarta a bakin ƙofa. Ta ce, "'Yar makaranta, ɗauko fensirinki da takarda. Busassa." Ta juya ta yi gaba, na bi ta da sassarfa.

Ta bayan gari muka bi har gonar babana, inda aka sare kara aka bar fili fetal. Ta tsaya a gindin wani gawo, ta duba gabas da yamma ba kowa, ta ja layi a ƙasa da dunduniya. Ta nuna mini wata kuka can ƙarshen gonar, ta ce daga nan zuwa can ya yi kusan tsawon filin. Ta cire takalmanta ta ajiye su a jere. Ta tattare zanenta ya dawo gwiwa, ta kamo gefen ta soke a ƙugu, ta cire mayafinta ta murɗe shi ta ci ɗamara da shi, ta ja ƙullin gefe guda don kada ya dame ta. A lokacin ta kusa hamsin, furfura ta fara fito mata a goshi.

Ta ce, "Ki duba da kyau, sau guda zan yi. Ba usur, sai ki tahwa."

Na tafa.

Ban san yadda zan faɗa ba. Matar da na sani da turmi da kasko ta tashi kamar an sake ta daga turke. Dugaduganta ba sa taɓa ƙasa, kanta a miƙe, gwiwoyin hannunta suna yankan iska a gefenta. Fensir yana hannuna na manta da shi, sai da ta yi rabi na farga na fara ja da sauri. Ta yi ta ƙanƙancewa a cikin filin nan ita kaɗai, ba mai tafi, ba mai kallo sai ni da wasu balbelu. Ta isa kukar ta dafa ta da hannu biyu, ta sunkuya, ina jiyo tarinta daga inda nake.

Na kwashi takalmanta na ruga. Na same ta zaune a kan saiwa tana haki, idanunta sun yi ja, tana dariya ba sauti. Ta karɓi takardar ta duba. Ni kuma don kada in yi kuka sai na kama ƙorafi, na ce, "Gwaggo, ai da kin taho wajena ne. Bayanki kawai na gani, ban samu huskar ba."

Ta ce, "Uwata, su ma waɗanda muka yi tseren da su, bayana suka gani."

A gindin kukar ta kafa mini sharaɗi. Ta ce in zana abin da na gani, da zanen da ɗamarar, kada in ƙara kada in rage, amma muddin tana numfashi kada sunanta ya hau kwalin. Ta ce, "Ubanki na zaune lahiya da mutane, ba ni son a riƙa nuna shi a masallaci. In na mutu ki rubuta, da manyan baƙaƙe, ki haɗa da sunan ubana, tunda shi ya yi murna da ba a sa ba." Na ce na ji. Muka tashi muka nufi gida, tana ɗingishi, ta dafa kafaɗata. Tun da nake da ita, ranar kaɗai muka taɓa jerawa a hanya.

Na cire Baturiyar nan na yaga. Na zana Gwaggo ta baya a tsakiyar kwalin, babba, tafin ƙafarta ɗaya a sama, kukar tana can nesa. 'Yan ƙwallo da 'yan dambe na mayar da su gefe-gefe, na bar wani farin fili a ƙarƙashin ƙafafunta. Malama ta duba, ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta ce in bar shi haka. Ɗaya daga cikin masu duba aikin ya ce shafi ya yi kyau amma an manta da suna, na ce ba mantuwa ba ce, mai hoton ce ba ta yarda ba. Ya rage mini maki, ban damu ba. Da na kawo wa Gwaggo ta gani, kallo ɗaya ta yi masa ta ce ƙullin ɗamarar ya yi daidai, ta koma kan kaskonta. Langar kuwa ba ta sake mayar da ita saman jere ba, da ita ta yi ta awo har fentin ya ƙare.

Shekara tara ke nan kwalin yana bina duk ajin da aka ba ni. Ya sha gyara, gara ta ci gefe ɗaya na liƙa masa sabo. Kowace shekara sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wace ce wannan?" in ce wata ce. Wasu sukan ɗauka ƙirƙiro ta na yi. Ba ni da abin da zan nuna musu, don shaidar da ke akwai ni na lalata ta da hannuna, tana nan a ƙasan akwatina har yau tana warin tsohon mai.

Ranar sadakar bakwai, da mutane suka watse, na sami babana a zaure shi kaɗai yana jan carbi. Na durƙusa na gaya masa komai, har da abin da zan rubuta. Ya ajiye carbin, ya ce, "Yaya ta ce ki yi?" Na ce ta ce. Ya ce, "To ni mi zan ce." Har na yunƙura zan tashi ya tsayar da ni, ya ce, "Ke kin gani da idonki?" Na ce na gani, Baba. Ya sunkuyar da kai ya ce shi shekara talatin suna gida ɗaya bai taɓa gani ba. Na ce masa zan tafi da langar, ya ce wace langa.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa makaranta. Na sauko da kwalin na shimfiɗa a kan tebur, ajin ba kowa sai bencina. Na tsoma alƙalami a tawada na cika farin filin nan da manyan baƙaƙe: sunanta na yanka, wanda rabon da in ji an kira shi har na manta, da sunan mahaifinta, da sunan ƙauyenmu, sannan na rubuta cewa ta zo ta ɗaya. Na jira ya bushe sosai kafin in taɓa shi. Da yara suka shigo, wata 'yar gaba ta hango sabon rubutu, ta tashi ta fara haɗa baƙaƙen da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ƙarshe. Na juya na fuskanci allo na yi kamar ina neman alli.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya yafe miki, ya yafe mini takardarki. Kin sake yin gaba ba ki waiwayo ba. In mun iso, Allah ya sa mu same ki.